Jirgin Hajiya Bahiyya

Ka taɓa ganin tsohuwar da ta dawo daga Makka, ta iso har ƙofar gidanta, sannan ta zauna a kan akwati ta ce ba za ta shiga ba? Ni na gani, kuma kakata ce. Amma bari in faro maka daga majigi, don shi ne mafarin komai.

Ranar da Kaka Bahiyya za ta tashi aikin Hajji, wasiyya ɗaya ta bari. Ba ta yi zancen agwaginta ba, ba ta yi zancen gonar rake ba. Hannun jallabiyar ɗanta ta kama, wato Kawu Hishmat, ta ce, "Shekara talatin ina wuce bangon alhazai ina kallon jiragen da aka zana musu. In na dawo, ina so in tarar da nawa. Jirgin sama, da sunana a ƙarƙashi, yadda mai wucewa a kan jaki zai karanta ba sai ya sauka ba."

"Inna, ki ɗauka an gama," in ji Kawu.

Shi Kawu Hishmat mutumin silima ne. Haka yake gabatar da kansa. Shekara ashirin da suka wuce ya yi wata takwas yana sayar da gyaɗa a ƙofar wata silima a Luksor, birnin da ke kusa da garinmu, kafin a rushe ta a yi shagon takalma. Tun daga lokacin ba a kunna ko fitilar hannu a gabansa bai yi gyara ba.

Saura kwana tara Kaka ta dawo, Usta Abdurradi ya zo da gwangwanayen fentinsa. Shi ya zana bangon kowane alhaji a garinmu tun ba a haife ni ba. Ya riga ya shafe bangonmu da farar ƙasa, ya bushe, ya yi tas. Yana cikin jiƙa buroshi sai Kawu ya fito da kofin shayi.

"Usta, wannan jirgin naka, yana tashi?"

"Jirgin bango ne, Hishmat."

"Tambayarka na yi. Yana tashi?"

"In bangon ya tashi zai bi shi."

"To nawa zai tashi," in ji Kawu, ya ɗaga murya yadda matan da ke shanya kwaɓin burodi a saman soro za su ji. "Majigi zan sayo. Bango ya zauna fari. In Inna ta iso, za ta ga jirgi yana keta gajimare, sunanta yana walƙiya da ruwan zinariya. Bayan nan duk Alhamis da magariba a shimfiɗa kujeru a ƙofar gida a kalli fim. Lungun nan zai shiga tarihi."

Usta Abdurradi ya matse buroshinsa, ya rufe gwangwanaye ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora a jaki. Da ya hau ya ce, "Ni dai shekara arba'in jirgina bai taɓa neman wutar lantarki ba." Ya kaɗa jaki.

Mahaifiyata, wadda ita ce yayarsa, ta leƙo daga soro hannu duk fulawa.

"Hishmat, mai zane ka kora?"

"Yaya Sabah, ke kin san burodi, ni na san haske."

"Hasken da ka sani na ashana ne. Shi ma sai ka ƙone yatsa."

Gaskiya ita ce shawarar ta burge ni. Wata huɗu ke nan da na gama karatun injiniya, ina zaune a gida, kaina cike da dabaru, ba wanda ya nemi ko ɗaya. Na riga na zana wa agwagin Kaka wurin shan ruwa mai cika kansa, suka ƙi kusantarsa. Don haka da Kawu ya ce, "Injiniya Rabab, gobe ki raka ni Luksor," kafin gari ya waye na cika shafi uku.

A mota na karanta masa. Abu uku ake dubawa in za a haska fim a waje. Ƙarfin hasken na gaskiya, ba wanda aka rubuta a kwali ba. Tazarar da na'urar ke bukata tsakaninta da bango. Sai yadda take jure zafi. Kawu ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai, sannan ya karɓi takardun ya naɗe gyaɗa a ciki.

Mai shagon ya jera mana majigi huɗu a kan kanta. Na nuna babban, mai fanka biyu, na fara tambayar tazararsa.

"Bari, Injiniya," in ji Kawu. "Boko daban, sana'a daban. Mu a silima da ido muke gwada na'ura. Yaro, kunna."

Mai shagon, wanda ya girme shi, ya kunna na farko. Kawu ya sunkuya ya ɗora idonsa a bakin gilashin da hasken ke fitowa.

"Ranka ya daɗe, bango ake kallo," in ji mai shago.

"Bango na 'yan kallo ne."

Ya ɗago idonsa na dama yana zubar da hawaye, ya ce wannan ba laifi. Ya gwada na biyu da idon hagu. Na uku ya koma na dama. Kafin a kai na huɗu, wani ɗan ƙarami kamar butar shayi, Kawu ba ya ganin ko hannunsa. Ya sunkuya a kansa, ya ɗago da sauri.

"Wannan! Wallahi wannan ya fi su duka. Ban ga komai ba sai fari."

"Ban kunna shi ba tukuna," in ji mai shago.

"Kin ji ko, Injiniya? Ba a ma kunna ba."

A jikin kwalin an rubuta ƙarfin haske dubu tara, da hoton zaki. Na ce ƙarfinsa na gaskiya bai wuce ɗari biyu ba. Kawu ya ce ai ba za a ɗora zaki a kan ƙarya ba. Muka fito yana rungume da kwali, ya yi wa ƙofar gilashi sallama da goshi.

Da magariba muka yi gwaji. Lungunmu taku uku ne daga bango zuwa bango. Kawu ya ɗora majigin a kan kujera ya jingina shi da bangon maƙwabcinmu na gaba, ya kunna. Jirgi ya bayyana a bangonmu, girman faranti.

"Ina sunan Inna?" in ji mahaifiyata.

"Ga shi nan ƙasa."

"Na ɗauka tururuwa ce."

Na yi bayani cewa sai an ja na'urar baya taku tara. Kawu ya waiga baya. Abin da ke bayanmu shi ne tagar falon Baba Girgis, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda yake tsaye a ciki da singileti yana kallonmu.

"A'a," in ji Baba Girgis, tun ba a tambaye shi ba.

"Baba, haƙƙin maƙwabtaka."

"Ɗan Bahiyya, ni ranar Lahadi coci nake zuwa. Yanzu Hajjin uwarka ta tagata zai fito?"

"Haske kawai zai ratsa. Ba zai taɓa komai ba."

"Da uwarka ce ta roƙa, da har gado zan fitar. Kai kuwa..." Ya tsaya ya yi tunani. "To, don ita. Amma ba mai taɓa min firji."

A kan firjin aka ɗora shi, don nan ne taku tara ya cika. Aka kunna. Wannan karon jirgin ya cika bango, sai dai ya yi dishi-dishi kamar fatalwar jirgi. Na ce fitilar titi ce ke cinye hasken. Kawu ya hau tsani ya kifa mata bokiti. Nan take jirgi ya fito sosai, ya karkata, ya shiga gajimare, sunan Kaka ya biyo baya da ruwan zinariya. Yara suka yi ihu, mata suka rangaɗa guɗa daga soraye. Ko mahaifiyata ta ce ba laifi, wanda a wurinta yabo ne.

Sai wata ƙatuwar inuwa ta ratsa bangon, ta tsaya a tsakiyar gajimare, ta sosa ciki.

"Baba Girgis, ka tare jirgi!"

"Ruwa zan sha! A gidana!"

Aka yi sulhu a kan cewa ranar taro duk mai ratsa falon zai bi da rarrafe. Kawu ya sauko yana karɓar gaisuwa hannu bibbiyu. Ya ce a je a gaya wa Abdurradi ya nemi wata sana'a, ya ji ana neman mai shafa wa bishiyoyi farar ƙasa.

A nan ne tambayar ta faɗo mini.

"Kawu, ƙarfe nawa Kaka za ta iso?"

"Alhazai da dare suke sauka. Kowa ya sani."

Ana gobe za ta dawo aka bugo waya. Motarsu za ta shigo gari sha biyun rana.

Na ce a je a ba Usta haƙuri tun da sauran yini guda. Kawu ya dube ni da tausayi. "Injiniya, a silima rana ba ta hana fim. Me ake yi? Rufe ɗaki ake yi. To za mu rufe lungu."

Gida-gida ya bi yana karɓar bargunan sanyi, a tsakiyar watan Yuli, lokacin da zafi ya fi tsanani a garinmu. Aka fito da su daga ƙasan akwatuna suna warin kafur. Aka ja igiyoyi daga soronmu zuwa soron Baba Girgis, aka shimfiɗa bargo talatin da ɗaya, da darduma biyu, da labulen shagon aski. Zuwa hantsi lungunmu ya koma tanda mai duhu. Mai algaita ya shiga ya busa sau ɗaya ya fito, ya ce shi daga waje zai yi. Ragon da za a yanka ya kwanta da kansa ya miƙa wuya.

"Kun gani?" in ji Kawu, gumi na ɗiga daga haɓarsa. "Dare ya yi."

Aka kunna majigi. Jirgi ya fito, a ɗan kunyace. Minti huɗu ya yi yana tafiya, sai na'urar ta yi tari ta mutu.

"Zafi ne," na ce. "Yana shafi na uku."

Kawu ya kwashe ƙanƙarar da aka tanada don lemon baƙi, ya jera ta kewaye da majigin, ya juyo da fankar Baba Girgis kanta. Na'urar ta farfaɗo. Minti huɗu, ta sake mutuwa. Haka muka gano tsarinta: minti huɗu aiki, minti shida hutu.

"Ta fi ni samun hutu lokacin ina gidan waya," in ji Baba Girgis daga ƙasa, inda yake rarrafe zuwa banɗaki.

Kawu ya tsara komai. Zai tsaya a bakin lungu, da ya hango mota zai ɗaga hannu, ni kuma in kunna, Kaka ta sauko cikin minti huɗun nan. Abin da bai lissafa ba shi ne kayan alhazai. Ƙaramar bas ɗin ta shigo da ganga da algaita a gabanta, samanta ɗaure da akwatuna hawa uku da jarkokin zamzam. Kawu ya ɗaga hannu. Direba ya ɗauka ce masa ake yi ya ƙaraso. Akwatin sama ya kama igiyar farko, ta farko ta ja ta biyu, bargo talatin da ɗaya suka sauko a kan jama'a kamar an yi umarni.

Aka ɗan ɗauki lokaci ana fito da mutane. Liman ya fito daga ƙarƙashin labulen aski. Rana ta sauka a kan bangonmu, fari fat, har yana kashe ido.

Kaka ta sauko cikin fararen kaya, da sandarta. Aka rungume ta, aka yi guɗa, aka sumbaci hannunta. Ita kuwa idonta na kan bango.

Hajiya Zakiyya ta ƙarshen lungu, wadda ta yi nata Hajjin shekara shida da suka wuce kuma ba ta bari an manta ba, ta matso tana gyara mayafi.

"Masha Allah, Bahiyya. Fari tas, kamar zuciyar mai dawowa. Mantawa aka yi, ko ba a tabbatar za ki dawo ba?"

Kaka ba ta kalle ta ba. "Hishmat."

"Na'am, Inna."

"Ina jirgina?"

"Yana nan, Inna. Wallahi yana kan bangon nan yanzu haka. Rabab, a kunne yake?"

"A kunne yake," na ce ta taga, don gaskiya ce.

"Kin ji. Ga shi can, yana karkata. Ki ɗan runtse ido."

Mutum fiye da ɗari suka runtse ido suna kallon farin bango. Liman ma ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Ina jin ya riga ya tashi," in ji Baba Girgis.

Kaka ta sa aka sauke mata babban akwatinta, aka ajiye a bakin ƙofa, ta zauna a kai, ta dogara sanda.

"Ba zan taka gidan nan ba sai na ga jirgi."

Ka san ba a buɗe tukunya kafin mai Hajji ta shiga gida. Shinkafa da romon rago suna ciki suna ƙamshi, mutum ɗari suna waje suna haɗiyar yawu. Nan da nan ra'ayin jama'a game da silima ya sauya. Aka tura mutum da babur wurin Usta Abdurradi. Ya dawo shi kaɗai.

"Ya ce yana shafa wa bishiyoyi farar ƙasa, ba zai samu zuwa ba."

Aka kawo wa Kaka laima. La'asar ta yi, ta yi sallarta a kan darduma a ƙofar gida, ta koma kan akwati. Kawu ya durƙusa ya yi mata bayanin yadda haske ke tafiya. Ta bar shi ya gama, ta ce, "Wata tara na ɗauke ka. Da na san haka, da jirgin na haifa."

A nan dabara ta zo mini, kuma har gobe ina cewa dabarar ba ta da aibu. Da rana ta faɗi hoton zai fito. A tsayar da shi cak, a bi layinsa da fenti, shi ke nan an sami jirgi na dindindin. Ko yaro zai iya.

"Abin da nake shirin faɗa ke nan," in ji Kawu.

Baba Girgis ya ba da ragowar koren fentin ƙofarsa. Ana idar da sallar magariba aka sake kifa wa fitilar titi bokiti, aka kunna. Jirgi ya fito. Na tsayar da shi. Kawu ya naɗe hannun riga ya matsa gaban bango da buroshi, sai jirgin ya ɓace, inuwar Kawu ta maye gurbi.

"Kauce, kana tare kanka," in ji mahaifiyata.

Ya koma gefe, ya miƙa hannu iya tsawonsa yana zane a karkace, kamar mai ba maciji abinci. Ya gama wutsiya, minti huɗu suka cika, na'ura ta mutu. Da ta farfaɗo, hoton ya koma farko, na tsayar da shi inda na ga ya yi kusa da wurin da yake ɗazu. Kusa, amma ba daidai ba. Kawu bai jira ba, ya ci gaba daga inda sabon jirgin yake. Sau biyar aka yi haka. Kowane zagaye jirgin na ƙara tsawo, cikinsa na lanƙwasa. Fukafukan suka fito ƙanana, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa.

Saura hanci. Jama'a suka matso, yunwa ta sa kowa ya zama mai ba da shawara. Baba Girgis ya gaji da rarrafe, ya miƙe ya leƙo gefen taga don ya ga ƙarshen abin. Inuwar gefen fuskarsa ta sauka daidai gaban jirgin. Kawu, wanda idonsa bai gama warkewa daga Luksor ba, ya bi layin da ya gani da aminci, har da gashin baki, dogo, mai lanƙwasa, ɗaya nan ɗaya can.

Mahaifiyata ta ƙwace buroshin ta rubuta sunan Kaka a ƙasa da hannunta, manya-manya. Aka cire bokiti daga fitilar titi.

Jama'a suka zuba wa bango ido. Wani yaro ya buɗe baki, uwarsa ta rufe masa.

"Tarwaɗa ce," in ji Hajiya Zakiyya.

Kaka ta tashi daga kan akwati. Ta tako a hankali har gaban bango, ta duba daga wutsiya zuwa gashin baki. Sannan ta kwantar da sandarta a jikin zanen ta fara aunawa. Sanda goma sha ɗaya.

"Zakiyya, naki sanda nawa ne?"

Hajiya Zakiyya ta gyara mayafi. "Ban taɓa aunawa ba."

"Ni na auna. Bakwai ne."

"Amma nawa ba shi da gashin baki."

"Naki na da ne. Ke kin shiga na bana? To ni shi na shiga." Ta juya ga jama'a. "Jirgi ne. A zuba abinci."

Ta shiga gida da ƙafar dama. Da Kawu ya biyo ta yana murmushi yana cewa ai ya faɗa tun farko, sai ta tare ƙofa da sanda ta ce shi a waje zai ci, kusa da aikinsa, don duk mai tambaya ya san wanda zai tambaya.

Fim ɗin Alhamis sau ɗaya aka yi shi. Bango ɗaya ne ke kallon tagar Baba Girgis, don haka duk jarumin da ya fito, da tarwaɗa a fuska ya fito. Kawu ya ce laifin masu fim ne, ba su san tsayuwa ba.

Yanzu Hajiya Bahiyya ta sa an ja mata kujera bakin tagar da ke saman zanen, tana zaune daga hantsi zuwa la'asar da carbi, tana sauraren abin da masu wucewa ke cewa. Kunnenta ya fi na kowa a gidan. Jiya wani mai sayar da kankana ya tambayi ko kifi muke sayarwa, ba ta ci abincin rana ba.

Saboda haka ina roƙonka, in hanya ta biyo da kai garinmu, lungu na uku bayan masallaci, ka tsaya a gaban koren zanen. Kada ka yi dariya, kada ka ambaci ruwa. Ka ɗaga murya yadda za a ji a sama, ka ce, "Masha Allah, wannan jirgi da girma yake!" Sannan ka wuce da sauri, kafin Kawu ya fito ya yi maka bayani.